Kwanciya biyu cikin wata guda: nazarin lamarin wani dattijo mai cutar mantuwa

Dattijon yana da shekara 79. Shekara uku ke nan da likita ya tabbatar yana da cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan mantuwa da ake yi wa kuɗin goro a ce gigin tsufa. Yana zaune da matarsa mai shekara 73, ita ma ga hawan jini ga ciwon gwiwa. 'Yarsu na zuwa kullum da yamma in ta tashi daga aiki. Kafin abin ya faru yana tafiya da ƙafarsa ba sanda, yana ci da hannunsa, yana zuwa banɗaki shi kaɗai muddin an bar ƙofa a buɗe da fitila a kunne. Yakan manta abin da aka yi da safe, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar, amma ya san matarsa, ya san 'yarsa, kuma ana hira da shi. A riƙe wannan siffa tasa da kyau, domin babu wanda ya rubuta ta a fayil ɗinsa ranar da aka kai shi asibiti, kuma daga nan ɓarakar ta faro.

Magani kan magani

Yana shan donepezil, miligiram 10 kullum. Maganin ba ya warkar da cutar. Abin da yake yi shi ne hana saurin rushewar wani sinadari, asetilkolin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, sai tunani ya ɗan tsaya da ƙafarsa na wani lokaci. To amma sinadarin nan ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake aiki ba. Shi ke matsa mafitsara, shi ke motsa hanji, shi ke sassauta bugun zuciya. Shi ya sa wasu masu shan maganin kan yi fama da gudawa, ko yawan fitsari, ko bugun zuciya ya yi ƙasa.

Dattijon ya fara tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, wani lokaci ya kuɓuce masa kafin ya isa. Matar ta kai kuka wani asibitin daban da wanda ke duba mantuwarsa. Likitan da ya gan su bai ga jerin magungunansa ba, ita kuma ba ta zo da kwalayen ba. Ya rubuta oxybutynin, miligiram 5 sau biyu a rana. Aikin oxybutynin kuwa toshe hanyar asetilkolin ne, wato ainihin sinadarin da donepezil ke ƙoƙarin ƙarawa. Tufka da warwara ke nan a jikin mutum ɗaya. Ga shi kuma oxybutynin na ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, yana busar da baki, yana taurara bayan gida, kuma ga namiji tsoho mai kumburin furostet, wato tsokar da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, yana iya tsayar da fitsari ɗungurungum.

Cikin mako uku duk waɗannan sun bayyana. Matar, da kyakkyawar niyya, ta rage masa ruwan sha tun daga rana don ya huta da tashin dare. Bayan gida ya ƙara tauri har ya cushe a ƙarshen hanji. In hakan ta faru, ruwa-ruwan da ke sama kan zagaye dunƙulen ya riƙa zubowa, sai a zaci gudawa ce. Haka aka zata, aka sayo loperamide, maganin tsayar da gudawa, aka ba shi kwana uku. Magani na uku ke nan, kuma na biyu da na uku kowanne an bayar da shi ne don gyara ɓarnar wanda ya gabace shi.

Kwana biyu kafin a kai shi asibiti ya riƙa wuni yana gyangyaɗi, yana tsintar zanen gado da yatsu, ya kalli 'yarsa bai gane ta ba. Daren na uku, wajen ƙarfe uku, ya faɗi a hanyar banɗaki.

A sashen gaggawa

Ya daɗe a kan gadon turawa. An yi hoton ƙugu, babu karaya, sai dai buguwa a ƙugun da haƙarƙari. A takardar karɓa aka rubuta kalmomi kaɗan: mai cutar mantuwa, a ruɗe, ya faɗi. 'Yar ta faɗa wa mutum uku daban-daban magana ɗaya: "Ba haka Baba yake ba fa. Ranar Lahadi da kansa ya yi wanka." Babu wanda ya saka wannan a rubuce.

Wannan jimla tata ita ce bayani mafi daraja da aka samu a daren. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru. Ba ta mayar da mai wanka da kansa ya koma wanda bai san 'yarsa ba cikin kwana uku. In aka ga irin wannan sauyi na farat ɗaya, da hankali mai zuwa yana tafiya, da barci ko firgici da ba a saba gani ba, to ɗimuwa ce, wadda likitoci ke kira diliriyam. Alama ce cewa wani abu a jiki ya lalace: ciwo, zazzaɓi, ƙarancin ruwa, cushewar hanji, tsayawar fitsari, ƙarancin iskar oksijin, ko magani. Mai cutar mantuwa ya fi kowa saurin faɗa mata, kuma shi ne aka fi kasa ganewa a jikinsa, domin da an ga sunan cutar a kati sai a jingina mata komai.

Akwai gwaji mai suna 4AT da aka tsara a Edinbura a 2011, wanda bai wuce minti biyu ba. Ana duba ko mutum a farke yake sosai. A tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake, da shekarar da ake ciki. A ce ya lissafa watanni daga na ƙarshe zuwa baya. Sannan a tambayi wanda ya san shi ko an ga sauyi kwatsam. Maki 4 ko sama na nuna alamar ɗimuwa. Da an yi shi a daren, tambayar ƙarshe kaɗai ta isa ta ba da maki 4.

Abin da aka yi shi ne tsoma tsinken gwaji a fitsarinsa, aka ga alamar ƙwayoyin cuta, aka ce sanyin mafitsara ne, aka fara maganin kashe ƙwayoyi. Wannan wata al'ada ce mai wuyar bari a ɗakunan gaggawa. Tsofaffi da dama na ɗauke da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da suna cutar da su ba, don haka tsinken kan nuna alama ko da ba nan matsalar take ba. Illarsa ba ta tsaya ga shan maganin banza ba: da zarar an samu suna an laƙaba wa ciwon, sai a daina bincike. Babu wanda ya ɗora hannu a marar dattijon. Babu wanda ya tambayi ranar da ya yi bayan gida na ƙwarai.

Ƙarfe ɗayan dare aka tura shi ɗakin kwanciya. Lokacin ziyara ya wuce, aka ce iyali su tafi. Tabaransa da na'urar ƙara jinsa da haƙoran robansa suna cikin jakar da matar ta koma gida da ita, don gudun kada su ɓace.

Dare na biyu

A kwatanta halin da yake ciki. Ba ya gani sosai, ba ya ji sosai, mafitsara ta cika tam, haƙarƙari na ciwo in ya ja numfashi, ga roba a hannu bai san wanda ya sa ba, ga baƙin fuskoki. Wajen ƙarfe uku ya sauko daga gado yana laluben ƙofofi. Nas biyu suka riƙe shi ta hannu biyu za su mayar da shi, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya kai wa ɗaya duka. Aka kira likitan dare, wanda ke riƙe da ɗakuna da yawa shi kaɗai. Ya rubuta allurar haloperidol, maganin taɓin hankali da ake lafar da mai tashin hankali da shi, miligiram 5.

Ga tsoho mai rauni, in har ya zama dole, da miligiram 0.5 ake farawa, bayan an gwada duk wata hanyar lallashi, an duba hoton bugun zuciya, an kuma tabbatar ba shi da cutar Parkinson ko nau'in mantuwa na Lewy, domin ga waɗannan haloperidol na iya sandarar da jiki har ya kai ga halaka. An ba shi ninki goma. Ya yi barcin awa goma sha shida. Ya tsallake abinci uku. Da aka tashe shi aka ɗura masa ruwa yana kishingiɗe, ya ƙware, ya yi ta tari. Aka ɗaga ƙarafan gefen gado, aka sa masa famfas, mutumin da mako ɗaya baya yake zuwa banɗaki da ƙafarsa.

Haɗarin irin waɗannan magunguna ba sabon labari ba ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalayen sababbin nau'o'insu a 2005, ta faɗaɗa shi zuwa tsofaffin nau'o'in irin su haloperidol a 2008, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 masu cutar ne ake ba su a shekara, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 da ƙarin shanyewar jiki 1,620 a kowace shekara. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora laifin kan likitan dare ko nas ɗin da aka mara. Da ƙarfe uku, da hannaye kaɗan, da fayil da babu komai a cikinsa game da ko wane ne wannan mutum, allura ce kaɗai abin da tsarin ya ajiye masu a kusa.

Abin da fayil ɗin bai faɗa ba shi ne, dattijon ya yi shekara talatin yana aikin gadin dare. Ko a gida, da ƙarfe uku yakan tashi ya bi ƙofofi yana taɓawa. Matar kan ce masa, "Malam, an kulle ko'ina, zo ka kwanta," ya dawo ya kwanta. Maganar ba ta kai daƙiƙa goma ba.

Sai a kwana na huɗu wata nas da ke goge masa jiki ta ga mararsa ta yi tudu, ya kuma yamutsa fuska da ta danna. Ta ɗauko na'urar auna mafitsara: mililita 900. Mafitsarar babba kan fara neman a juye ta tun wajen 300 zuwa 400. Aka sa robar fitsari. Likita ya duba dubura da yatsa ya tarar da cushewar. Aka ɗura masa magani ta dubura, aka bi da garin macrogol, mai sa bayan gida laushi, da ake damawa da ruwa. Kwana na biyar mai harhaɗa magunguna ta zauna da 'yar, aka zazzage kwalayen gida a kan tebur, nan ta ga donepezil da oxybutynin da loperamide a jere. Ta sa aka tsayar da biyun ƙarshe. Donepezil aka bar shi, bayan an auna bugun zuciya an ga bai yi ƙasa ba, domin yanke shi farat ɗaya kan jawo tunani ya ƙara zubewa.

Batun ciwo ma sai a ranar aka kula. An riƙa tambayarsa ko yana jin ciwo yana cewa a'a, aka rubuta babu. Mai cutar mantuwa yakan kasa haɗa abin da yake ji da kalmar da zai faɗa, don haka ba a tambayarsa kawai, kallonsa ake yi. Ma'aunin PAINAD na duba abu biyar: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda ya riƙe jiki, da ko lallashi na kwantar da shi, kowanne maki 0 zuwa 2. A lokacin juya shi ko tayar da shi ake aunawa, ba yana kwance shiru ba. Wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Norwe, aka buga a 2011, ya bi mutum 352 masu cutar mantuwa da tashin hankali. Waɗanda aka bai wa maganin ciwo a kan tsari na mako takwas, akasarinsu farasitamol kawai, tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100, kuma ya dawo da aka daina. Aka sa wa dattijon farasitamol giram 1 sau uku a rana a kan lokaci, ba sai ya nema ba, bayan an auna nauyinsa, domin wanda bai kai kilo 50 ba rage masa ake yi. Aka kauce wa kodin da tiramadol, waɗanda da sun ƙara cushe hanjin sun ƙara ɗimuwar.

Sallama

Ya fara dawowa hayyacinsa. A kwana na goma sha ɗaya, ranar Juma'a da yamma, ana neman gado, aka sallame shi. Robar fitsarin da safiyar ranar aka cire, ya yi fitsari sau ɗaya, ba a sake auna abin da ya rage a mafitsara ba. Mai gashin ƙashi ta gan shi sau biyu kacal a duk zamansa. Mutumin da ya kwana goma akasari a kwance ƙafafunsa sun saki, ba ya iya tashi daga kujera sai an ɗaga shi.

Takardar sallama ta faɗi gaskiya: a shafi na biyu an rubuta cewa an tsayar da oxybutynin. Amma takardar asibitin unguwarsu aka aika wa, ta kuma isa bayan an riga an sake kwantar da shi. Matar, leda aka miƙa mata mai sabbin magunguna. Da ta isa gida ta haɗa su da tsofaffin da ke cikin kwaba. Da fitsarin dare ya dawo, ta tuna da maganin da likita ya ba su don wannan matsala, ta ci gaba da ba shi. Wa zai ga laifinta? An gaya wa 'yar, ba a gaya mata ba, 'yar kuma ta ɗauka an gaya wa uwar.

Sashen walwalar jama'a an tura masu takarda, suna jiran asibiti ya aiko da bayanin abin da yake iya yi da wanda ba ya iyawa. Asibiti na ganin ya gama nasa tunda ya tura. Asibitin mantuwa bai ma san an kwantar da shi ba, ranar ganinsa na gaba saura wata huɗu. Hukumomi huɗu ke riƙe da sunansa, babu ɗaya da ke riƙe da shi. Kwana tara matar na ɗaga namiji da gwiwoyinta masu ciwo, tana barcin awa biyu ko uku. A rana ta tara fitsarin ya sake tsayawa, ɗimuwar ta dawo, aka sake ɗaukarsa. Da aka auna jinin matar a wurin, ita ma sai da aka ba ta gado na wuni guda.

Abin da aka sauya a kwanciya ta biyu

Wannan karon ya faɗa hannun tawagar kula da tsofaffi, kuma abubuwan da suka yi babu mai tsada a ciki. Tun a ƙofa aka yi 4AT. Aka auna mafitsara cikin awa ɗaya. Aka ba 'yar takarda mai shafi biyu ta cike: sunan da yake so a kira shi da shi, aikin da ya yi, abin da ke firgita shi, abin da ke kwantar masa da hankali, yadda yake nuna yana jin fitsari, gefen kunnen da ya fi ji da shi, da abin da yake iya yi da kansa wata guda baya. Ƙungiyar Alzheimer ta Birtaniya na da irin wannan takarda da asibitoci da dama ke amfani da ita, amma ko farar takarda aka ja wa layi ta wadatar. Sharaɗin kawai a manna ta inda mai aikin dare zai gani, a kuma karanta ta lokacin miƙa aiki.

Aka bar 'yar ta riƙa kwana a kujera kusa da shi, ba ruwanta da lokacin ziyara. A Birtaniya sai da aka yi gangami a kan wannan tun daga 2014 kafin asibitoci da yawa su yarda cewa mai kula da mai cutar mantuwa ba baƙo ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauran matakan daga wani tsari aka ɗauko su wanda Sharon Inouye da abokan aikinta suka gwada a asibitin jami'ar Yale, aka buga sakamakon a 1999. Sun bi majinyata 852 masu shekara 70 zuwa sama, suka kula da abu shida: ruɗewar tunani, rashin barci, rashin motsi, raunin gani, raunin ji, da ƙarancin ruwa. Ɗimuwa ta kama kashi 9.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsarin, ta kama kashi 15 na sauran. A aikace ga dattijon, ga yadda abin ya kasance. Tabarau da na'urar ji a jikinsa tun safe, da batirin canji a aljihun gado. Agogo babba da allo mai ɗauke da rana da sunan wurin. Labule a buɗe da rana, fitila a rage da dare, ba a tashinsa awon jini tsakanin sha biyu da asuba sai da dalili. A zaunar da shi a kujera lokacin kowane abinci, haƙora a baki, a tashe shi ya taka sau uku a rana ko da taku goma ne. Ruwa lita ɗaya da rabi a rana, a ƙaramin kofi mai launi da zai iya gani, kaɗan-kaɗan, ana rubutawa, tunda zuciyarsa da ƙodarsa ba su hana ba. A raka shi banɗaki duk awa biyu zuwa uku, ba a jira ya nema. A rubuta bayan gida kullum, in kwana biyu suka wuce babu, a ɗauki mataki. Ba a sauya masa gado ko ɗaki ko sau ɗaya ba.

Da ƙarfe uku ya tashi, kamar yadda aka sani zai tashi. Mai taimaka wa nas ta bi shi a gefe, ba ta riƙe shi ba, suka taɓa ƙofofi biyu, ta ce, "Baba, an kulle ko'ina." Ya koma gado. Ba a buɗe kwabar allura ba a duk kwanciyar.

Shirin komawa gida kuwa tun kwana na biyu aka fara shi. Babban sauyin shi ne an naɗa mutum ɗaya, wata nas mai kula da masu cutar mantuwa a cikin al'umma, aka rubuta sunanta da lambarta a jikin firjin gidan. Duk abin da ya taso, ita za a kira, ita ce za ta bi likita ko sashen walwala, ba matar ba. Kafin sallama ta je gidan da mai koyar da dabarun zaman gida. Suka kwashe duk tsofaffin magunguna suka mayar kantin magani. Aka rubuta jeri guda da manyan baƙaƙe, da wani layi a ƙasa na waɗanda ba za a sake ba shi ba: oxybutynin, loperamide, da maganin mura ko ƙaiƙayi mai sa barci irin su chlorphenamine, wanda shi ma hanyar asetilkolin yake toshewa kuma ana sayensa ba takardar likita. Aka karanta wa uwa da 'ya tare, aka ce matar ta maimaita da bakinta. Wannan maimaitawar ba raini ba ce. Ita kaɗai ke nuna ko saƙo ya isa.

A gidan an naɗe ƙananan darduma da ke zamewa, an sa fitilar dare daga gado har banɗaki, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, an sa murfin masai mai launi daban da na daɓe, domin cutar na rage iya bambance fari a kan fari. An ɗaga kujerarsa. An cire robar fitsari kwana biyu kafin sallama, aka auna ragowar fitsari sau uku, duka ƙasa da mililita 100. Ranar Talata da safe aka sallame shi, mai taimakon wanka ta fara zuwa washegari. Nas ɗin ta buga waya cikin awa 48, ta zo da kanta a mako na farko.

Matar

Sai a wannan karon wani ya zauna da ita ita kaɗai ya tambaye ta yadda take. Shekara uku ana tambayarta labarin mijinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar mantuwa a duniya, ana samun sabbi kusan miliyan 10 a shekara, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Daga cikin dala tiriliyan 1.3 da cutar ta ci a 2019, kusan rabi aikin da iyali ke yi ne ba a biyansu, kuma kashi 70 na sa'o'in kulawar mata ne ke yin su. Tsarin tunkarar cutar mantuwa da ƙasashe suka amince da shi a 2017 ya sa tallafa wa masu kulawa cikin ginshiƙansa bakwai, hukumar kuma ta fitar da darussan iSupport kyauta don su. Wato matar nan ita ce babban ma'aikacin da tsarin ya dogara a kansa, kuma ita kaɗai ce babu hutu, babu horo, babu mai karɓarta.

An gyara maganin hawan jininta. An samo wa dattijon gurbi a cibiyar wuni kwana biyu a mako. Da farko ta ƙi, tana ganin kamar ta yar da shi ne. Sai da aka ce ta raka shi zuwa biyu na farko ta gani da idonta. An sa ta a zama takwas na koyon dabarun kulawa, irin tsarin START da aka gwada a Landan da masu kulawa 260 aka buga a 2013, wanda ya rage masu damuwa da baƙin ciki. A ciki ta koyi rubuta abin da ya faru kafin kowane tashin hankali, da daina gardama da shi in ya ce mahaifiyarsa na jiransa, da tambaya mai zaɓi biyu maimakon buɗaɗɗiya. An kuma koya wa ita da 'yar alamu huɗu da za su sa a kira nas a ranar ba gobe ba: barci ko ruɗewa da suka ƙaru kwatsam, kwana uku ba bayan gida, awa takwas ba fitsari ko mara ta kumbura, da ƙin ci ko sha wuni guda.

Akwai abin da aka ƙi yi da gangan. A kwanciyar farko wani ya kawo shawarar a kai shi gidan kula da tsofaffi na dindindin, bisa gwajin tunani da aka yi masa kwana biyu bayan allura. Tawagar ta ajiye wannan sakamako gefe. Ɗimuwa kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta washe, kuma hukuncin da zai raba mutum da gidansa ba a yanke shi a kan makin da ya ci yana cikinta. Aka jira mako takwas aka sake gwajin a gida, da safe, da tabarau da na'urar ji. A wata safiya irin wannan, da hankalinsa ya fi zama, aka tambaye shi wanda yake so ya riƙa yanke masa shawarar jinya da ta kuɗi in ya kasa, ya nuna 'yarsa, aka rubuta bisa dokar ƙasarsu.

Bayan wata uku

Bai koma yadda yake ba. Yana tafiya da keken dogarawa, wanka sai an taimaka masa, magana ta ragu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ɗimuwa ga mai cutar mantuwa kan gaggauta zubewar tunani, kuma ba kullum ake maido da abin da ta ɗauke ba. Ya san matarsa, ya san 'yarsa, yana zuwa banɗaki da rana in an raka shi, ba a sake kwantar da shi ba. Sau ɗaya matar ta kira nas saboda kwana uku babu bayan gida. Aka ƙara macrogol ta waya, aka zo aka duba shi washegari, magana ta ƙare a nan.

Asibitin ya sa 4AT cikin takardar karɓar duk wanda ya kai shekara 65, ya kuma hana rubuta haloperidol da dare ga mai cutar mantuwa sai an cike layi biyar: ciwo, mafitsara, hanji, magunguna, da kiran iyali. Tsakanin asibitin da ya rubuta oxybutynin da wanda ya rubuta donepezil kuwa, har yanzu kwamfutocinsu ba sa ganin juna. Abin da ya haɗa su shi ne takardar da ke cikin jakar matar. Dare ma bai samu mafita ba. Sashen walwala na da masu zuwa da safe da yamma, ba shi da mai kwana. 'Yar na kwana a gidan sau uku a mako, sauran huɗun matar ce ke tashi da ƙarfe uku ta bi shi ƙofa-ƙofa. An sa sunansu a jerin masu jiran hutun mako guda, kuma nas ɗin ta rubuta cewa za a sake duba lamarin bayan mako shida, ko ranar da gwiwar matar ta hana ta tashi, duk wanda ya riga zuwa.